Yadda na tsare hotunan bikin ƙanwata

Da aka sa ranar auren autarmu, kowa a gida an ba shi aikinsa. Babban yayanmu ya ɗauki rumfuna da abincin ɗaurin aure, Gwaggo ta riƙe kayan ɗaki da jere, ni kuma da yake kwamfuta nake koyarwa a makarantar sakandare, sai aka ɗora mini tsaron hotuna. Baba bai tsawaita ba. Ya ce shi bai hana a yi hoto ba, amma ba ya son ya ji an ce an ga 'yarsa ko matan gidansa a wayar wanda bai san su ba. Ita ma amaryar ra'ayinta ke nan, don ta ga yadda aka ɗauki hoton wata ƙawarta aka buɗe asusun bogi da shi, ana yaudarar maza ana karɓe musu kuɗi da fuskar yarinyar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Abin da na fara taɓawa katin gayyata ne. Yanzu kati ba ya tsayawa a takarda, ɗaukarsa ake yi a ɗora a sitatus, daga nan ya bi guruf-guruf. A jikinsa akwai cikakken sunan amarya da na mahaifinta, da unguwa da layi da lambar gida, da lambobin wayar masu amsa tambaya, sannan ga jerin ranaku da lokuta. Duk wanda ya karanta ya san yammacin da mata za su taru da gwala-gwalai a wuya, ya kuma san daren da kowa zai tafi wurin dina a bar gida da tsohuwa ita kaɗai. A wannan zamani na fashi da garkuwa da mutane, wannan ba bayanin da za a watsa wa duniya ba ne. Sai muka yi kati iri biyu. Na takarda ya fito da komai, shi aka raba hannu da hannu. Na waya kuwa sunaye ne kawai da rana da masallacin da za a ɗaura aure. Wanda yake son sanin gida ya tambaya, in namu ne a yi masa kwatance.

Daga nan sai mai hoto. Yaro ne mai hankali kuma ya iya aikinsa, a Instagram ma muka ga amaren da ya ɗauka har muka neme shi. To, a nan gizo ke saƙar: yadda muka ga 'ya'yan wasu a shafinsa, haka wasu za su ga tamu. Da na faɗa masa sharaɗinmu sai ya yi shiru, can ya ce, "Anti, ai shafin nan shi ne shagona. In ban ɗora ba, wa zai san na iya?"

Gaskiyarsa ce, kuma ban je don in kashe masa kasuwa ba. Na san dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta bai wa wanda ya sa aka ɗauki hoto don amfanin kansa da iyalinsa ikon hana a yaɗa shi, sai fa in sun yi wata yarjejeniya daban da mai ɗaukar. Ban karanta masa doka ba, ciniki muka yi. Ya ɗora adon wuri yadda ya so, da hannun amarya da lalle, da ɗinkinta ta baya. Fuska babu, suna babu, ba zai ambaci wurin ba, kuma sai an gama biki an watse. Na rubuta duk wannan a saƙon WhatsApp, na ce ya amsa a rubuce. Ya amsa. Na ƙara da cewa in ya gama gyara, a filasha zai kawo mana, kada ya ɗora a wani adireshin intanet da duk wanda aka tura wa zai iya buɗewa.

Mai kwalliya ta fi shi wuyar sha'ani. Su abin da suke tallata aikinsu da shi bidiyo ne mai nuna amarya kafin a fara da bayan an gama, wato fuska wanke, kai babu ɗankwali, wani lokaci ma da ɗaurin ƙirji. Amare da yawa ba sa lura an ɗauke su, hankalinsu yana kan madubi. Ta ce in ba za ta ɗora ba sai an ƙara mata wani abu a kan kuɗin aikin. Na ga ƙarin ya fi sauƙi a kan rigimar bayan biki, muka biya. Ranar kuma na sa ƙanwar Umma ta zauna a ɗakin har aka gama.

Sai na koma kan wayoyin gida. Duk hoton da waya ta ɗauka tana maƙala masa wani ɓoyayyen bayani da ake kira EXIF: samfurin wayar, da rana da sa'a har da daƙiƙa, in kuma an bai wa kyamara izinin sanin wuri, har da lambobin GPS na inda aka tsaya. Don amarya ta gani da idonta, na buɗe wani hoto da ta ɗauka a tsakar gida, na ja shi sama da yatsa. Taswira ta fito, ga ɗigo a kan lungunmu. Ta ce, "Yaya, wannan ai ƙofar gidanmu ce."

Wannan bayanin ya taɓa tona asirin wanda ya fi mu sanin kwamfuta. A Disambar 2012, John McAfee, wanda manhajar nan ta kare kwamfuta take ɗauke da sunansa, yana gudun 'yan sandan ƙasar Beliz, sai 'yan jaridar mujallar Vice da ke tare da shi suka wallafa hotonsa da aka ɗauka da iPhone. Bayanin wurin yana nan a jikin hoton, ya nuna yana Gwatamala. Cikin 'yan kwanaki aka kama shi.

Sai dai ba na son in tsorata mutane fiye da kima. Facebook da Instagram da X suna cire wannan bayanin daga hoton da jama'a ke gani, ko da yake su kamfanonin suna iya karanta shi kafin su cire. WhatsApp ma yana cirewa in an tura hoto a matsayin hoto. Ƙofar da take buɗe ita ce wadda 'yan biki suka fi so: "Don Allah ki turo min ta dokumen, kar ya dusashe." Hoton da aka tura a matsayin fayil, ko ta WhatsApp ko Telegram ko imel, yana tafiya ne yadda wayar ta haife shi, da komai nasa. Saboda haka na bi wayar amarya da ta manyan ƙawayenta da ta Umma, na shiga saitin kyamara na kashe alamar wuri. A iPhone ana yin haka ta wajen izinin wuri, a hana kyamara sanin wuri gaba ɗaya. Tsofaffin hotunan da suka riga suka ɗauko bayanin kuwa, tun daga tsarin iPhone na iOS 13 akwai wani zaɓi a saman allon turawa da ake kashe wurin kafin hoto ya fita. Ga mai son hoto garau, WhatsApp ya sa maɓallin HD tun 2023, ya ishi kallon waya. Duk wannan bai ɗauke ni yamma guda ba.

Abin da ya ci lokaci shi ne zama da hotunan bayan mai hoto ya kawo su. Babu kamfanin da zai cire maka abin da ido ke gani a cikin hoto. Na ɗora su a kwamfuta don allon waya yana ɓoye abubuwa, na riƙa barin fuskar da ke tsakiya ina duba gefe-gefe da baya. A nan ne mutum zai sha mamaki. Ga lambar motar Kawu ɓaro-ɓaro a hoton ɗaurin aure. Ga allon shagon mai kemis na bakin layinmu, da sunan titi da lambar wayarsa. Ga yaran maƙwabta da suka shigo kai tsaye daga makaranta, bajo a ƙirji, kowa ya karanta inda suke zuwa kullum da safe. A wani hoton amarya ce take murmushi gwanin sha'awa, amma a madubin da ke bayanta ga matar yayanmu tana shayar da jariri babu mayafi. Ita ba ta san ta shiga ba, shi ma mai hoton bai lura ba. Akwai na takardar shaidar aure da sa hannun waliyyai. Akwai na littafin gudummawa a buɗe, kowa da sunansa da abin da ya bayar, wanda shi kaɗai ya isa ya haɗa dangi faɗa.

In ana ganin na cika bin ƙwaƙƙwafi, a 2019 a Japan wani mutum ya gano tashar jirgin ƙasa da wata mawaƙiya take sauka ta hanyar duba abin da ya haska a ƙwayar idonta a hotunan da take ɗorawa. Ya gwada da hotunan tituna na Google, ya je ya jira ta, ya bi ta har gida ya far mata. Namu masu mugun nufin ba sa ma bukatar wannan wahalar, hasumiyar masallaci da launin get sun ishe su.

Hotunan lefe da na jere ban ma yi tunani sau biyu ba. Akwatuna a buɗe, sarƙa a kan tire, sannan ɗakin amarya daga gado har firji, a gidan da yara biyu za su zauna su kaɗai a sabuwar unguwa. Waɗannan na ware su gefe tun farko.

Wajen rufe abin da ba a so a gani, yanke hoto ya fi komai. In lambar mota tana gefe, a datse gefen, shi ke nan. In tana tsakiya sai a rufe, kuma rufewar ma akwai ta banza. Alƙalamin haskaka rubutu na iPhone ko da baƙi aka zaɓa ba ya toshewa sosai, in aka ƙara wa hoton haske sai abin da ke ƙasa ya bayyana. Dusasarwa da murɗe fuska su ma ba abin dogaro ba ne: a 2007 'yan sandan Jamus sun warware fuskar wani mai laifi da ya murɗe ta da manhaja, hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa ta Interpol ta baza hoton, aka kama shi a Tailan. Har yankan ma ya taɓa ba da kunya, don a Maris 2023 an gano cewa hoton allo da aka yanke a wayoyin Pixel da kuma a Windows 11 ana iya dawo da ɓangaren da aka cire, kafin kamfanonin su gyara. Ni abin da na yi shi ne in ɗora baƙin murabba'i mai kauri ko sitika, in na gama in ɗauki hoton allon, wannan sabon shi zan tura. Ya rasa ɗan kyau, amma babu komai a ƙarƙashinsa, babu kuma GPS. Inda fuskoki suka yi yawa, manhajar tura saƙo ta Signal tana da abin rufe fuska da kanta tun 2020, sai dai ina sake bi, don takan tsallake wanda ya juya gefe.

Yara kuwa ban yanke hukunci a kansu ni kaɗai ba. Duk hoton da ɗan wata ya fito sosai, uwar na tura wa na ce, "In bar shi ko in rufe?" Wasu suka ce a bari, wasu suka ce a rufe, ɗaya ta ce kada ma ya fita, don suna cikin shari'ar riƙon yaran da tsohon mijinta. Wannan da ban tambaya ba, babu yadda za a yi in sani.

A ƙarshe hotunan suka kasu. Mafi yawansu na albam ne, aka wanke su a takarda, asalinsu yana filasha a durowar Umma. Wasu na guruf ɗin dangi na kusa. 'Yan kaɗan ne amarya ta zaɓa da kanta ta ce waɗannan ko'ina suka je ba ta damu ba. Su kaɗai muka ɗauka a matsayin na sitatus, don duk abin da ya hau sitatus a ƙirga shi ya fita. Cewa yana ɓacewa bayan awa 24 ba ya hana a ɗauki hoton allo, ga kuma manhajojin sauke sitatus a wayar kusan kowace budurwa. Duk da haka na nuna wa amarya inda ake zaɓen waɗanda za su ga sitatus, ta ware mutanenta, ta bar masu gyaran waya da direbobin adaidaita da duk wanda lambarsa ta shiga wayarta don wata hulɗa ta rana ɗaya. Hoton fuskar asusunta ma muka mayar sai wanda ta ajiye lambarsa. 'Yan uwa na nesa da suka matsa sai sun ga amarya a ɗakinta, da kallo sau ɗaya aka tura musu, wato alamar 1 ɗin nan da WhatsApp ya kawo a 2021. Yana hana ɗaukar hoton allo, amma ba ya hana mutum ya ɗauko wata wayar ya haska. Kariya ce daga mai sakaci, wanda zai bar hoto a waya yara su yi ta yawo da shi. Mai niyya ba ta tare shi.

Duk abin da na lissafa a hannuna yake. Wayoyin 'yan biki ne ba a hannuna suke ba, kuma ranar kamu kusan kowace mace da tata a sama. Gwaggo ce kan gaba. Ita ke da guruf ɗin ƙawayen makarantar Islamiyya, da na 'yan adashi, da na 'yan garinsu, kuma ba ta ganin laifin tura hoton 'yar ɗan'uwanta ga mutanen da take kira nata. Na fara yi mata bayanin GPS da asusun bogi, ta dube ni ta ce, "Ke dai da boko. Wa zai saci hoton yarinya ana zaune ƙalau?"

Umma ce ta karɓe zancen. Ta ce, "Yaya, ba ku tsoron baki? Yarinya ta yi kyau haka, a yi ta yawo da ita ido dubu yana kallo, ba kowa ne zai ce tubarkalla ba." Nan take Gwaggo ta ajiye waya. Ta ce ai kuwa hoto ma zarar bunu ne kamar magana, in ya fita ba ya komawa. Daga ranar ita ta zama 'yar sandan bikin. Da bakinta ta sa aka yi sanarwa a wurin kamu cewa iyayen amarya sun roƙi arziki, kowa ya ɗauki kansa da ƙawarsa, amma kada a ɗora amarya ko bidiyon rawar mata. Ni abin da na lura da shi, kambun baka da lambobin GPS duk wuri ɗaya suka kai mu, na Umma ya fi saurin isa.

Mafi yawan mutane sun ji. Ba duka ba. Bayan biki na ɗauki 'yan hotunan amarya na saka a Google Lens don in ga ko sun ɓulla a wani wuri, na kuma bi shafukan nan na Instagram da sana'arsu ita ce tara hotunan amaren Arewa. A ɗaya daga cikinsu na same ta. Hoton waya ne da aka ɗauka daga gefe, ga mutane a ƙasa suna ta yanka mata kamanni, wani yana tambayar 'yar gidan wane ce, wata har ta amsa masa da sunan unguwa. Na tura wa mai shafin saƙo cikin ladabi, shiru. Sai na sa amaryar ta kai ƙara da asusunta, don a ƙorafin keta sirri kamfanin ya fi sauraron wanda ke cikin hoton. Iyaye suna iya nema a madadin yaro ne in bai kai shekara 13 ba. Na sake rubuta wa mai shafin, wannan karon na ambaci dokar kare bayanan jama'a ta 2023 da hukumar NDPC da aka kafa a ƙarƙashinta. Ko ƙarar ce ta yi aiki ko sunan hukumar, hoton dai ya sauka. Waɗanda suka riga suka adana shi a wayoyinsu kuwa yana wurinsu, babu dokar da za ta shiga ta goge.

Tunda na riga na shiga, sai na zauna da amarya muka bi tsohon Facebook ɗinta na tun tana 'yar sakandare. Akwai wuri ɗaya a saitin sirri da ake dannawa duk tsofaffin abubuwan da aka buɗe wa duniya su koma na abokai kawai. Muka kunna tantance tagin, ta yadda in wani ya maƙala sunanta a hoto ba zai hau shafinta ba sai ta yarda. Ta tambaye ni ko ba a ce Facebook ya daina gane fuska ba. A Nuwambar 2021 dai ya sanar da rufe tsarin da goge bayanan fuskar mutum sama da biliyan 1. Amma tun a Janairun 2020 jaridar New York Times ta fallasa kamfanin Clearview AI, wanda ya kwashi hotuna sama da biliyan 3 daga shafukan da aka bari a buɗe ya haɗa manhajar gano mutum da fuskarsa. Irin waɗannan ba sa neman izinin kowa, abin da aka bar musu a fili suke ɗiba.

Ina ganin na sauke nauyi, sai ga sitatus ɗin ango: za su tafi Umara, ya jera fasfo biyu da katin shiga jirgi a kan cinya ya ɗauka. Sunaye a fili, ga lambar ajiyar kujera mai harafi shida, ga zanen nan da ake haskawa a bakin jirgi, wanda manhajar kyauta ma take karantawa. A 2020 tsohon Firaministan Ostireliya Tony Abbott ya ɗora irin wannan katin a Instagram, wani matashi ya ɗauki lambar ya shiga shafin kamfanin jirgin, ya fito da lambar fasfonsa da ta wayarsa. Ban da wannan ma, hoton yana shelar cewa sabon gida cike da kaya zai kwana biyu babu kowa. Ban kira angon da kaina ba, akwai kunya a tsakaninmu, ƙanwata na kira. Na ce ta lallaɓa shi ya sauke tun kafin su hau jirgi, fasfo da biza da kati su zauna a jaka, hotunan Harami kuma su tara abinsu, in sun dawo gida sa ɗora. Ta ce, "To Yaya," ina jin shi a gefe yana tambayar ta ina ake gogewa.